Me ya sa mutum 646 suka mutu a hatsarin jirgin Mendi alhali jirgin yaƙi na biye da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji a wani shiri cewa a Afirka ta Kudu ana tunawa da wani jirgin ruwa mai suna Mendi, wanda ya nutse a 1917 kusa da gaɓar Ingila, mutum fiye da 600 suka halaka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, an ce akwai jirgin yaƙi da ke yi masa rakiya, kuma teku a kwance yake ranar, babu guguwa. To yaya aka yi sojojin ruwa na kusa amma aka yi wannan asara? Sakaci suka yi? Kuma da gaske ne jirgin yana da alaƙa da Najeriya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, domin na yi shekaru ina aiki a jiragen dakon kaya kafin in koma koyar da dabarun tsira a teku, kuma labarin Mendi yana cikin waɗanda nake ba ɗalibai tun makon farko.

Ga amsar a dunƙule kafin mu warware ta. Sojojin ruwan da ke rakiya ba su yi sakaci ba, su ne ma suka tsamo fiye da rabin waɗanda suka rayu. Sanyin ruwa ne ya kashe yawancin mutanen, kuma sanyin wannan teku a watan Fabrairu ba ya ba mai ceto wa'adi mai tsawo. A cikin ɗan wa'adin nan, jirgin da ke da isassun kwale-kwalen ceto da ma'aikatan da za su tuƙa su shi ne wanda ya buge Mendi, wato Darro. Bai sauke ko guda ɗaya ba.

Zancen Najeriya kuwa gaskiya ne, kuma yana da nasaba da yadda mutanen suka mutu, don haka da shi zan fara. An ƙera Mendi a Glasgow a 1905, a masana'antar Alexander Stephen and Sons. Yana cikin jiragen rukunin Elder Dempster, kamfanin da a zamanin ya mamaye zirga-zirga tsakanin Liverpool da Afirka ta Yamma. Sunan ma daga ƙabilar Mende ta Saliyo aka samo shi. Jirgi ne mai aiki da tururi, ana hura masa wutar kwal, tsawonsa ƙafa 370, wajen mita 113, girmansa tan 4,230 a ma'aunin jirage. Irin jiragen nan ne da ke kawo fasinja da wasiƙu da kayan kanti, su koma da manja da ƙwarar kwakwa, daga baya har da gyaɗar Kano bayan an buɗe layin dogo a 1912.

A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnatin Birtaniya ta ɗauke shi haya don jigilar sojoji. A Legas aka yi masa gyaran. Aka shiga rumbunan da ake loda buhuna da ganguna a cikinsu, aka kafa katako hawa-hawa, suka zama makwancin mutane. Aikinsa na farko shi ne kai sojojin Najeriya Gabashin Afirka, inda ake fafatawa da Jamusawa a ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya. Rundunar nan kuwa cike take da 'yan Arewa, Hausa ce ma harshen bariki. Ke nan watanni kaɗan kafin hatsarin, kakannin wasunmu sun kwana a kan wannan katako. A tafiyarsa ta ƙarshe ma sai da ya biyo ta Legas, aka ɗora masa igwa a baya saboda tsaro.

Waɗanda ya ɗauko daga Cape Town a Janairun 1917 ba mayaƙa ba ne. Mutum 823 ne na bataliya ta 5 ta rundunar leburori baƙar fata ta Afirka ta Kudu, haɗe da 'yan tsirarun Turawa da ke shugabantarsu. Gwamnatin Louis Botha, Firayim Ministan Afirka ta Kudu na lokacin, ba ta yarda a ba baƙin mutum bindiga ya je Turai ya harbi Bature ba, ko da Baturen abokin gaba ne. Sai aka sa musu kaki aka tura su Faransa sauke kaya a tashoshin jirage, da fasa dutse, da saran itace, da gyaran hanya, in dare ya yi a kulle su cikin sansani mai shinge. Wajen mutum 21,000 suka yi wannan aiki kafin a rushe rundunar a 1918. Akwai Xhosa da Pondo da Zulu da Sotho da Tswana da Swazi. Yawancinsu mutanen karkara ne, wasu ba su taɓa ganin teku ba sai ranar da aka shigar da su jirgin, kuma kaɗan ne suka iya iyo.

Sun yi makonni a hanya cikin ayarin jirage, suka isa Plymouth a Ingila lafiya. Ranar 20 ga Fabrairu da yamma Mendi ya tashi zuwa Le Havre a Faransa, tafiyar dare ɗaya kawai, jirgin yaƙi HMS Brisk na bin bayansa. Dalilin rakiyar a fili yake. Tun ranar 1 ga watan Jamus ta shelanta cewa jiragenta na ƙarƙashin teku za su nutsar da duk jirgin da suka tarar a ruwan da ke kewaye da Birtaniya ba tare da gargaɗi ba. Ka riƙe wannan, domin da shi za a kafa uzuri daga baya.

Cikin dare hazo ya sauko. Kada ka kwatanta shi da hazonmu na hunturu, wanda ƙura ce, kana iya hango fitilar mota tana ja-ja daga nesa. Wannan danshi ne, kamar an jiƙa auduga an lulluɓe jirgin da ita. Na taɓa tsayuwar gadi a ɗakin tuƙi a wannan mashigi da ya raba Ingila da Faransa cikin irin wannan hazo. Ina duban gaba amma ban ga goshin jirginmu ba, raɓa na taruwa a gashin idona. Muna da rada, muna da na'urar da ke nuna sunan kowane jirgi da inda ya dosa, duk da haka kyaftin ya sa aka buɗe ƙofofin gefe biyu, ya ce kowa ya yi shiru a saurara. A 1917 babu rada. Kunne ne kaɗai abin dogaro, shi ma hazo yana yi masa wasa, ka ji ƙaho kamar daga dama alhali daga gabanka yake.

Dokar kauce wa karo a teku ta wajabta abu biyu cikin hazo, tun wancan zamani har yau: a rage gudu, kuma a riƙa busa ƙaho mai tsawo, tazarar da ba ta wuce minti 2 ba. Kyaftin Henry Yardley na Mendi ya yi duka biyun. Darro kuwa, na kamfanin Royal Mail Steam Packet, tan 11,484, kusan ninki uku na Mendi, ya taso daga Faransa babu kaya, hanyarsa ta Ajantina ce inda zai ɗauko nama. Yana tafe da cikakken gudu, wajen kilomita 24 a awa, ba ƙaho ba komai. Za ka ce ai wannan gudun keke ne. To jirgi ba shi da birki. Ko an juya inji baya, sai ya ci zango mai nisa kafin ya tsaya, kuma cikin hazo irin wannan, lokacin da ka ga fitilar wani jirgi, aikin gama ya gama.

Dab da ƙarfe 5 na asubar 21 ga Fabrairu, wajen kilomita 19 kudu da tsibirin Wight, goshin Darro ya tsaga gefen dama na Mendi ta wajen gaba, daidai rumbunan da mutane ke barci. Wasu nan take ƙarfe ya murƙushe su. Sauran kuma ka dubi halin da suke ciki. Rumbun jirgi kamar rijiya ce mai faɗi, an gina shi don a zura kaya da ƙugiya daga sama, hanyar fita ita ce tsani. Mutum ɗari da wani abu a ɗaki guda, an tashe su daga barci cikin duhu, ruwa mai sanyin ƙanƙara na kwararowa, ƙasan da suke takawa ya fara karkata, tsanin kuwa mutum ɗaya ko biyu yake ɗauka a lokaci guda. Da dama ba su fito daga nan ba, suna can ciki har yau.

Waɗanda suka fito doron jirgi sun je wuraren da aka koya musu lokacin atisaye a hanya, suka tsaya a layi da rigunan cetonsu. Shaidun da suka yi magana a gaban kwamitin bincike sun yaba da natsuwarsu. Matsalar ita ce kayan ceton. Kwale-kwalen ceto 7 ne a jirgin, duka-duka ba za su ɗauki mutum 300 ba, alhali akwai sama da 900 in ka haɗa da ma'aikata. An cike gurbin da wasu alluna masu yawo a kan ruwa, masu igiya a gefe, waɗanda aikinsu bai wuce na gorar masunta ba: ka riƙe don kada ka nutse, amma jikinka yana cikin ruwa. A takarda kowa yana da wurin tsira. Sannan jirgin ya karkata dama da sauri. Idan jirgi ya karkata, kwale-kwalen ɓangaren da ya ɗaga sama sukan kwanta a jikin jirgin su ƙi sauka, na ɓangaren da ya yi ƙasa kuma jama'a kan faɗa musu har su kife. Haka aka yi. Kaɗan ne suka rabu da jirgin lafiya. Cikin minti 25 ko ƙasa da haka Mendi ya tafi, ɗaruruwan mutane suka rage a kan ruwa.

A nan ne amsar tambayarka take. Mu da muka saba da ruwan Legas, mai ɗumin digiri 27 ko fiye, mukan ɗauka in mutum na da rigar ceto to ya tsira, sai dai ya jira a zo a ɗauke shi. A kogunanmu ma kusan haka ne, shi ya sa haɗurran kwale-kwale a Kebbi da Neja da Kwara suke da ciwo, domin riga kaɗai ta isa ta tsirar da yawancin waɗanda ake rasawa. Ruwan mashigin Ingila a Fabrairu ba ya kai digiri 10, kuma sanyin 1917 yana cikin mafiya tsanani da aka gani a Turai a shekarun. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki wajen sau 25 fiye da iska mai sanyi iri ɗaya.

Kisan da sanyin ruwa ke yi hawa-hawa ne. Da ka faɗa, a cikin minti na farko zuwa na uku, numfashi yana ƙwace maka. Za ka ja wata irin ajiyar zuciya ba da sonka ba, in kanka na ƙarƙashin ruwa a lokacin to ruwa ka shaƙa. Zuciya na bugawa kamar za ta fasa ƙirji. Na shiga tafkin horo mai irin wannan sanyi, da shirina, da mai ceto tsaye a gefe, amma na kasa faɗin sunana da aka tambaye ni. In ka wuce wannan, cikin minti 10 zuwa 30 jini yana janyewa daga hannu da ƙafa ya koma tsakiyar jiki. Yatsu su sandare. Kana ganin igiya a gabanka, hankalinka garau, ka umarci hannunka ya kama amma ya ƙi. Wannan mataki shi ya fi shafar mutanen Mendi, domin tsirarsu ta dogara ne ga riƙe igiyar allunan nan. Daga nan sai ɗumin cikin jiki ya fara sauka, mutum ya rikice, barci ya fara fizgarsa, ya suma. Rigunan ceto na wancan zamani suna hana gangar jiki nutsewa, amma ba sa ɗaga fuskar wanda ya suma daga ruwa kamar na yanzu. Shi ya sa aka riƙa tarar da mutane suna yawo a cikin rigunansu, rai ya riga ya yi halinsa.

Ka lissafa da kanka. Karo ƙarfe 5, jirgi ya nutse kafin 5 da rabi, rana kuwa a can ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 7 a wannan wata. Duk wanda ke cikin ruwa, sa'a ɗaya ta farko ita ce rabonsa, kuma gaba ɗayanta cikin duhu da hazo ta wuce.

Yanzu ga Brisk. Jin an ce jirgin yaƙi kan sa mutum ya hango wani katafaren abu. Brisk ƙaramin jirgi ne siriri na farautar abokan gaba, an ƙaddamar da shi a 1910, nauyinsa bai kai tan 1,000 ba, ma'aikatansa 70 da 'yan kai. Gudu da harbi aka gina shi dominsu. Kwale-kwalen da irinsa ke ɗauka 'yan kaɗan ne, ƙanana, na tuƙi da hannu.

Kuma ba zai yiwu ya kutsa tsakiyar mutane ba. Farfelar jirgi tana juyawa a ƙarƙashin ruwa, duk wanda ta ja ta gama da shi, kuma jirgin da ba ya ganin gabansa zai iya bi ta kan waɗanda ya zo ceto. Fitilar haskawa ba ta da amfani a hazo, hasken yana dawo maka a ido kamar ka haska farin bango. Abin da ya rage shi ne a sauke kwale-kwale, a tuƙa a hankali ana bin murya. Su kuwa muryoyin daga ko'ina suke zuwa, igiyar ruwa na ƙara warwatsa mutanen, kuma duk minti suna raguwa.

Ciro mutum daga ruwa ma aiki ne da sai wanda ya gwada ya san nauyinsa. A wurin horo mukan sa ɗalibi biyu su ciro ɗan'uwansu guda da aka ce ya saki jiki kada ya taimaka. Sau da yawa sai sun yi yunƙuri uku, kwale-kwalen na neman kifewa, kuma wannan da rana ne, cikin ruwa mai ɗumi. Ka ƙara masa babbar rigar soja ta ulu da ta sha ruwa, ka ƙara duhu, ka sa hannun masu ciro shi ma ya fara sandarewa. In kwale-kwale ya cika, sai a koma a nemo jirgi cikin hazo, a ɗaga mutanen sama ɗaya bayan ɗaya, a sake fita. Akwai kuma abin da likitoci suka gano daga baya, cewa wanda ya daɗe a ruwan sanyi in aka ciro shi a tsaye, jininsa kan faɗi nan take ya cika a hannun masu ceto. Yau muna koyar da a ciro shi a kwance. Matuƙan Brisk ba su san wannan ba.

Da wannan ɗan abin hannu suka yi ta zarya har gari ya waye. Brisk ya kwashi mutum 137. Wani jirgin kaya mai suna Sandsend ya tsinci 23. Mutum 107 sun tsira a Darro. Jimilla 267. Waɗanda suka mutu 646 ne: baƙaƙen leburori 607, Turawan rundunar 9, ma'aikatan jirgi 30. Kyaftin Yardley bai bar jirginsa ba sai a ƙarshe, daga cikin ruwa aka tsamo shi. Brisk kansa bai gama shekarar lafiya ba, a watan Oktoba ya taka nakiya a arewacin Ireland, ta kashe masa sama da mutum 30.

Kada adadin 107 na Darro ya ruɗe ka. Ba nemo su aka yi ba. Su ne suka tuƙo kwale-kwalen Mendi da kansu har suka iso gefensa, aka bar su suka hau. Kyaftin ɗin Darro, Henry Stump, bayan karon ya ja baya ya tsaya, ya sa aka duba ɓarnar da jirginsa ya yi. Wannan daidai ne, kowane kyaftin da jirginsa zai fara. Amma bayan ya tabbata ba nutsewa zai yi ba, sai ya ci gaba da zama a wurin kusan sa'a huɗu. Bai tura kwale-kwale ya duba wanda ya buge ba. Mutanensa suna jin ihu daga cikin hazo. Waɗanda suka hau jirginsa a jiƙe sun gaya musu jirgin sojoji ne kuma ya nutse. Teku a kwance, kamar yadda ka ji. Ya yi kunnen uwar shegu. Darro jirgin fasinja da kaya ne, kwale-kwalensa sun fi na Brisk yawa da girma nesa ba kusa ba, kuma shi ne a daidai wurin tun minti na farko.

Hukumar kasuwanci ta Birtaniya ta yi bincike a Landan a watannin Yuli da Agustan 1917. An wanke Yardley. An samu Stump da laifin gudu cikin hazo da ƙin busa ƙaho, da kuma saɓa wa sashe na 422 na dokar jiragen kasuwanci ta 1894, wanda ya wajabta wa kyaftin, in ya yi karo da wani jirgi, ya tsaya ya ba shi duk taimakon da zai iya muddin hakan ba zai jefa nasa jirgin cikin haɗari ba. Kwamitin ya ce bai ga wani uzuri ga zamansa hannu rungume ba. Hukuncin kuwa, an dakatar da takardar shaidarsa ta kyaftin na wata 12.

Adalci ne in kawo abin da masu kare shi ke faɗi. Tsoron jiragen ƙarƙashin teku ba tatsuniya ba ce. Ranar 22 ga Satumban 1914 jirgin ƙarƙashin teku na Jamus guda ɗaya, U-9, ya nutsar da manyan jiragen yaƙin Birtaniya uku, Aboukir da Hogue da Cressy, cikin sa'a ɗaya da 'yan mintuna. Biyun ƙarshe an same su ne saboda sun tsaya ceton mutanen na farko. Sama da mutum 1,400 suka mutu, kuma daga nan aka hana manyan jirage tsayawa ceto a inda ake zaton akwai abokin gaba. Duk kyaftin na zamanin ya san wannan labari. Don haka ina iya fahimtar mutumin da ya zaɓi gudu da shiru a daren, ko da yake zaɓin ya saɓa doka, domin ƙaho yana sanar da maƙiyi inda kake.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a miƙa wannan uzuri har ya rufe zancen kwale-kwale. Da Stump ya buge Mendi ya tsere, sai mu ce tsoro ne ya kore shi. Ai tsayawa ya yi. Jirgin da ke tsaye cak abin hari ne, ko kwale-kwalensa na rataye ko suna kan ruwa. Ya ɗauki haɗarin tsayawa gaba ɗaya, bai ci amfaninta ko kaɗan ba. Wasu sun ce ruɗewa ya yi, kansa ya kulle, kuma na ga yadda hakan ke samun ƙwararrun mutane a lokacin tashin hankali. Amma ruɗewa ta minti goma ce ko ashirin, kuma yana da mataimaka a gefensa. Mutane da yawa a Afirka ta Kudu sun tafi a kan cewa launin fatar waɗanda ke ruwan ne dalili. A lokacin karon bai san su waye a jirgin ba, amma daga sa'ar da kwale-kwale na farko ya iso gefensa ya sani. Abin da ke zuciyarsa Allah ne masani. Inda wariya ta fito ƙarara, ba sai an yi hasashe ba, shi ne abin da ya biyo baya: wata 12 a kan rai 646, sannan baƙaƙen Afirka ta Kudu da suka yi aiki a rundunar, rayayyu da matattu, gwamnatinsu ta hana a ba su lambar yaƙin da Birtaniya ta tanada, alhali Turawan da suka shugabance su sun samu. Majalisar dokokin ƙasar dai ta miƙe tsaye don girmama su ranar 9 ga Maris 1917, da Botha ya kawo sanarwar, fiye da mako biyu bayan hatsarin.

Tunda a shiri ka ji labarin, na san an ambaci Isaac Wauchope Dyobha, limamin coci ɗan Xhosa mai shekara 64 da ke aikin tafinta a rundunar. Ana cewa da jirgin ya fara nitsewa ya tara mutanen, ya ce su natsu, su mutu a matsayin 'yan'uwa ba tare da bambancin ƙabila ba, suka cire takalma suka yi rawar mutuwa a kan doron jirgi. Wannan riwaya ce ta baka, ba ta cikin rahoton bincike, kuma bayan shekaru aka fara rubuta ta. A matsayina na ma'aikacin jirgi, rawa a kan doron da ya karkata, cikin duhu, a minti 20, abu ne da kamar wuya. Amma natsuwar da riwayar ke nunawa ta yi daidai da abin da shaidu suka faɗa, kuma da ita da waƙoƙi irin na mawaƙin Xhosa S.E.K. Mqhayi al'ummar baƙar fata suka riƙe sunan Mendi tsawon zamanin wariya, lokacin da littattafan gwamnati suka yi shiru. Shi Wauchope yana cikin waɗanda suka mutu.

Akwai wasu da ba a cika ambata ba ko a Afirka ta Kudun. Hafsoshin Mendi Turawa ne, amma da yawa daga cikin masu zuba kwal a wuta da sauran ƙananan ma'aikata 'yan Afirka ta Yamma ne, yawanci daga Saliyo, kamar yadda aka saba a jiragen Elder Dempster. Masu wuta a can ƙasan jirgi suke aiki, su ne mafi nisa daga kwale-kwale.

Gawarwaki kaɗan aka samu. An binne wasu a Portsmouth da Littlehampton, teku ya kai wasu gaɓar Faransa, wasu har Noordwijk a ƙasar Holan. Sunayen sauran suna rubuce a dutsen tunawa na Hollybrook a Southampton. Bayan faɗuwar mulkin wariya, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe wurin tunawa da su a maƙabartar Avalon ta Soweto a 1995. Yau lambar jarumta ta ƙasar sunan Mendi take ɗauke da shi, rundunar ruwansu na da jirgin yaƙi SAS Mendi, kuma 21 ga Fabrairu ce ranar sojojinsu.

Gangar jirgin, wani mai ninƙaya a ƙarƙashin teku, Martin Woodward, shi ya tabbatar da ita a 1974. Shekaru masu nutso suna zuwa suna ɗebe tagogi da farantai. Ƙararrawar jirgin ma wani ya ɗauke ya ɓoye, sai a 2017, shekara 100 da hatsarin, ya ajiye ta ga wani ɗan jaridar BBC a garin Swanage ba tare da ya bayyana kansa ba. A watan Agustan 2018 Firayim Ministar Birtaniya ta lokacin, Theresa May, ta miƙa ta ga shugaban Afirka ta Kudu Cyril Ramaphosa a Cape Town. Jirgin yana nan kwance a zurfin wajen mita 40, kuma tun 2009 dokar Birtaniya ta hana a taɓa shi ko a ɗauko wani abu daga jikinsa.